Yadda ake shiga jirgin sama da injin numfashi na barci daga Yamai

Makon jiya kawuna ya kira ni daga Tawa bayan sallar isha'i. Umra zai tafi, kuma wata huɗu ke nan da likita ya ɗora shi a kan injin nan da ke hura wa mutum iska a hanci in ya kwanta. Ya ce, "Ɗana, an ce mini ba a barin irin wannan abu ya shiga jirgi. In bar shi gida, ko in cusa shi cikin babban akwati?" Na ce, "Kawu, ko ɗaya kada ka yi. Ana shiga da shi, kuma a hannunka zai zauna har ka sauka." Mun fi awa guda a waya. Abin da na gaya masa shi ne na zauna na rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Shekara bakwai ina kwana da wannan inji, kuma harkar kasuwa takan kai ni Istanbul da Dubai da Sin sau da yawa a shekara. A tafiyata ta farko da shi na sa shi cikin akwatin da aka auna. Na sauka, akwati bai sauka ba, sai bayan kwana uku. Dare ukun nan na yi su ina firgita daga barci kamar an shaƙe ni, da rana kuma kai na sarawa, ina gyangyaɗi a gaban mutanen da na je yin ciniki da su. Tun daga ranar injin bai sake rabuwa da kafaɗata ba.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe game da yadda yake aiki, don su ne za ka yi ta maimaitawa a filin jirgi. Na farko, mai ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, in barci ya yi nauyi naman maƙogwaronsa ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa cikin awa guda. Injin yana jawo iskar ɗaki ne, ya tace ta, ya tura ta da ɗan ƙarfi don hanyar ta zauna a buɗe. Babu tulun gas a cikinsa, babu oksijin, babu abin da ke kama wuta. Na biyu, ba ya warkar da ciwon. Daren da ka kwana babu shi, daren ciwon ke dawowa. A takardun Faransanci sunan injin PPC, a na Ingilishi CPAP. Ka haddace duka biyun, domin ma'aikacin Yamai da na Kasablanka na farkon suka sani, na Adis Ababa da na Jidda kuma na biyun.

Kayan da za ka tanada

Injin da jakarsa ta asali, in tana nan. Takunkumin fuska da igiyoyinsa, tiyon iska, tankin ruwan da ake ɗumamawa don ya jiƙa iskar, da cajar da ke haɗa shi da wuta. Cajar nan ita ce aka fi mantawa a jikin bango, kuma ba a samun irinta a kowane shago. Ka juya bayanta ka karanta: in an rubuta 100–240V da 50–60Hz, to za ta ci wutar kowace ƙasa, tun daga 220 ɗinmu har 120 na Amurka.

Sai abin da zai daidaita bakin waya da soket, wato adafta. Bakin wayarmu mai ƙafa biyu zagayayyu yana shiga a Turkiyya da Maroko da Habasha da Faransa. Saudiyya da Dubai da Ingila kuwa mai ƙafa uku masu kusurwa suke amfani da shi, irin na Najeriya. Ka haɗa da ralonji, wato doguwar wayar jawo wuta, mai mita 3 ko fiye. Ɗakunan otal da yawa soket ɗinsu yana can bayan talabijin, nesa da gado, kuma a masaukin alhazai mutum huɗu ko biyar ne ke rububin soket guda.

Matatar iska biyu ko uku na ajiya; ba su da nauyi, kuma wanda ya fito daga hunturun ƙasar nan ya san yadda farar matata ke komawa ja cikin ƴan kwanaki. Robar takunkumi ɗaya ta ajiya, in kana da ita. Babbar leda sabuwa mai haske, wadda ake ganin abin da ke ciki. Ɗan salatif, saboda tiyo yakan tsage. Takardar likita. Littafin da ya zo da injin, ko hoton shafin da ya yi maganar jirgin sama. Sai batir, ga wanda yake nufin ya kunna injin cikin jirgi ko zai kwana inda babu wuta. Maganarsa tana da tsawo, na ware mata wuri a ƙasa.

In jakar asali ta lalace, kowace ƙaramar jakar goyo ta isa. Ka naɗe injin da tawul mai tsabta, ka murɗa tiyo a zagaye ba tare da ka karya shi ba.

1. Ka je wurin likita tun da sauran mako biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka roƙi likitan da ke duba ka ya rubuta maka ƴar gajeriyar takarda: sunanka daidai yadda yake a fasfo, sunan ciwon, cewa dole ne ka kwana da injin kowane dare kuma ya kasance tare da kai cikin jirgi, sunan injin, da ƙarfin iskar da aka saita maka. Ƙarfin nan lamba ce tsakanin 4 da 20. Ka san taka da ka, don in injin ya lalace a wata ƙasa ita ce abu na farko da za a tambaye ka. A buga hatimi, a sa hannu da kwanan wata.

Likitocinmu da Faransanci suke rubutu. Ka roƙi a ƙara layi uku ko huɗu na Ingilishi a ƙasa, ko ka sa a fassara maka. Ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye kwafi ɗaya cikin jakar injin, ɗaya tare da fasfo da katin allura.

Gaskiya, sau da yawa ba wanda zai tambaye ka ita. Amma ranar da ka haɗu da sabon ma'aikaci wanda bai taɓa ganin injin ba, ita ce za ta raba gardama cikin minti guda. In lokaci ya ƙure ba ka samu ba, tsohuwar takardar da aka rubuta maka injin da littafinsa suna tsaya maka.

2. Ka sanar da kamfanin jirgi, kuma ka karɓi amsa a rubuce

Tambaya biyu ce, kada ka haɗa su. Ta farko: jakar injin za a ƙidaya ta cikin jakar hannu, ko daban take? Jakar hannu a kujerun talakawa kilo 8 ce a Turkish Airlines, kilo 7 a Ethiopian, kuma injin da kayansa sukan cinye kilo biyu zuwa uku. A Amurka doka ce ta hana a ƙidaya kayan lafiya cikin jakar hannu. A sauran wurare kowane kamfani da tsarinsa. Da yawa suna ƙyalewa, amma sai ka tambaya.

Ta biyu: za ka kunna shi cikin jirgi? In ɗauka kawai za ka yi, magana ta ƙare. In kuwa za ka kunna, galibi suna so a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi, wasu kuma su ba ka wata takarda mai suna MEDIF likita ya cika. Za su tambayi sunan injin, su ga ko yana cikin waɗanda aka yarda a kunna a sama. Injinan kamfanin ResMed da aka fi gani a hannun mutane, AirSense 10 da AirSense 11 da ƙaramin AirMini, kamfanin ya rubuta a littafinsu cewa sun cika sharaɗin hukumar jiragen saman Amurka, FAA. Shafin nan shi ne za ka nuna.

Ni ba na jiran awa 48. Ranar da na yanki tikiti nake faɗa. Kuma kada ka tsaya ga "ba matsala, Alhaji" ta baki daga wanda ya sayar maka da tikiti. Ka ce ya shigar da maganar cikin rajistar tikitin, ya turo maka shaida ko ta WhatsApp ce. In tafiyar ta haɗa kamfani biyu, kowanne sai an gaya masa. Mai zuwa Hajji ko Umra cikin ayari ya sanar da ajans ɗinsa da wuri, domin jirgin alhazai sau da yawa na haya ne, kuma ta hannunsu kaɗai ake isa ga kamfanin.

A nan ne kuma za ka zaɓi kujera. Ta jikin taga ta fi, don ba wanda zai tsallaka tiyonka in zai zaga. Layin ƙofar gaggawa kada ka nema. Ba a ba mai amfani da inji irin wannan.

3. Maganar batir

Nan ne aka fi yin asara, saboda haka bari in tsaya sosai.

Batirin litiyom ana auna shi da wata lamba da ake rubuta Wh a bayanta. Ƙa'idar da kamfanonin jiragen duniya ke bi ita ce: har zuwa 100 Wh kana shiga da shi ba sai ka nemi izini ba. Daga 100 zuwa 160 Wh sai da yardar kamfani, kuma biyu kawai. Abin da ya haura 160 Wh ba ya hawa jirgin fasinja, ko a hannu ko a akwati. Kuma kowane batir na ajiya, babba ko ƙarami, a jakar hannu yake tafiya. In ya yi zafi ya kama wuta a cikin fasinjoji ma'aikata za su gani su kashe. A ɗakin kaya na ƙasa ba mai gani.

Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu mAh aka rubuta musu da manyan baƙaƙe. Lissafin ba wuya: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 26,800 mAh ya zama 99 Wh, ana shiga da shi. Mai 30,000 ya zama 111, sai da izini. Mai 50,000 ya zama 185, a filin jirgi za ka bar shi. Wanda rubutun jikinsa ya goge shi ma ana iya karɓe shi, domin ma'aikaci ba zai yarda da abin da bai karanta da idonsa ba. Masu zuwa Sin su ƙara lura: tun watan Yuni na 2025, a jiragen cikin ƙasar ba a barin batirin caji da ba shi da tambarin 3C a jikinsa.

Batirin babur ko na mota mai ruwan asid, wanda wasunmu ke haɗa wa injin a gida saboda ɗaukewar wuta, da manyan akwatunan cajin sola, duka a bar su gida.

Wani kuskuren kuma: ba kowane batirin cajin waya ne ke tada injin ba. AirSense 10 wutar 24V yake ci, batirin waya na yau da kullum kuwa 5V yake bayarwa. Ana bukatar batirin da aka ƙera don injin, ko waya ta musamman da ke ɗaga wutar. Kada ka sayi abu ranar Alhamis ka tashi da shi ranar Juma'a. Ka caja shi ya cika, ka kashe ɗumama ruwa da ɗumama tiyo, ka kwana a kansa a gida dare guda, ka ga awa nawa ya kai ka. Ɗumama ruwan nan shi ne ke shanye batir. In ka kashe shi, abin da zai ƙare tsakar dare yana iya kai ka asuba.

Kamfanoni da yawa suna bin ƙa'idar Amurka, cewa batir ya iya ɗaukar tsawon tafiyar da rabinta. Yamai zuwa Istanbul wajen awa 6 ne, ke nan batirin awa 9 ake nema. Kada ka dogara da soket ɗin kujera. Wasu jiragen ba su da shi, wasu yana nan amma ba ya aiki, wasu kuma yana katsewa da zarar abu ya ja wuta da yawa, kuma akwai kamfanonin da sam ba su yarda a jona kayan lafiya a jikinsa ba.

Ka rufe bakin kowane batir da salatif, ko ka sa shi cikin ƴar jakarsa shi kaɗai, kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.

4. Haɗa kaya, daren jajibiri

Ka zubar da ruwan tanki tas, ka wanke, ka kife shi ya bushe. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ka ɗauki injin da ruwa a tanki, jaka ta karkata, ruwan zai gangara cikin motar injin, kuma gyaransa a nan abu ne mai wuya. In asubanci za ka yi, ka kwana daren ƙarshe ba ruwa, don ka samu tankin a bushe. Ka wanke takunkumi da sabulu marar ƙamshi, ka sa sabuwar matata.

Jakar injin ta injin ce kaɗai. Na san halinmu: in an ga ɗan fili sai a cusa kilishi na tsaraba, da kwalbar turare, da goro. Illa biyu ke nan. Da zarar an ga wasu kaya ciki, ta tashi daga jakar kayan lafiya ta koma jakar hannu ta biyu, a ce ka biya ko ka tura ta ƙasa. Sannan warin yaji da turare yana kama matata da tiyo, ka yi mako kana shaƙarsa. Ka liƙa sunanka da lambar wayarka a jikin jakar da jikin injin, domin jakunkunan nan duk kamarsu ɗaya.

Mai tasowa daga Tawa yana da wajen kilomita 550 a gabansa, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Kada yaran mota su karɓi jakar su jefa ta ƙasan kar tare da buhuna. A kan cinyarka za ta zauna. Littafin AirSense 10 ya ce kada wurin ajiyarsa ya wuce zafin digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana cikin watan Afrilu tana iya kaiwa nan.

5. A wurin awon kaya

Ka isa filin jirgin Diori Hamani da wuri, awa uku kafin tashi. Tun kafin a tambaye ka, ka ɗora jakar a kan kanta ka ce injin lafiya ne, ka nuna saƙon kamfani. In suna da ƴar alamar da suke ɗaura wa jakar hannu, ka ce a ɗaura mata, don kada a sake tsayar da kai a ƙofar jirgi.

In aka ce lallai jaka ɗaya ce, kada ka yi faɗa. Ka nemi a kira shugaban kanta cikin ladabi. In shi ma ya tsaya a kan haka, to ka buɗe jakar hannunka, ka kwashe tufafi ka mayar babban akwati, ka sa injin a gurbinsu. Riga ana saye a ko'ina.

6. Wurin bincike

Ka sa a ranka za a duba ka fiye da sau ɗaya: a Yamai, sannan a inda za ka canza jirgi, wani lokaci har a bakin ƙofar shiga. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina.

Tun kana cikin layi ka zuge jakar. In ka iso, ka ciro injin kansa, ka sa shi cikin ledar nan mai haske, ka ɗora a tiren roba shi kaɗai, kamar yadda ake yi wa kwamfuta. Takunkumi da tiyo su zauna cikin jaka. Amfanin ledar shi ne tiren nan takalman mutane da bel ɗinsu ake zubawa ciki tun safe, kai kuma iskar da za ta bi ta injin huhunka za ta shiga. Batir ma ka fito da shi fili, rubutunsa yana sama. Na'urar haska kaya ba ta lalata injin, ba ta goge ɗan katin da ke ajiye bayanan barcinka, saboda haka kada ka roƙi a tsallake ta. Roƙon ne ma ke jawo zargi.

Wani lokaci za a ja ka gefe. A kan allonsu injin dunƙule ne mai mota da wayoyi, dole su so su gani. Za a shafa wani ɗan ƙyalle a jikinsa a sa cikin wata na'ura, ana neman burbushin abin fashewa. Minti biyu ne. Kana da damar ka roƙi ma'aikacin ya sa sabuwar safar hannu kafin ya taɓa takunkumi. In taki ko maganin feshi kake sayarwa, ka wanke hannu sosai kafin ka haɗa jakar, don burbushin taki yana iya tada na'urar.

Wata rana wani matashin ma'aikaci ya ɗaga tiyon ya ce, "Alhaji, wannan fa? Gas ne?" Na ce, "A'a, Shef, iska kawai yake hurawa. Numfashina ke ɗaukewa in na yi barci. Ga takardar likita." Ya karanta, ya ce mahaifinsa ma minsharinsa har maƙwabta ke ji, wani lokaci ya yi shiru kamar ya tafi. Na ce ya kai shi a auna barcinsa. Amsa gajeriya da fuska a sake, ita ce ke wucewa da mutum. Kalmar oksijin kuwa kada ta fito bakinka, ko da misali ne, domin tulun oksijin dokarsa daban ce kuma mai tsanani.

Ruwa: a galibin filayen jirgi abin da ya haura mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Wasu ƙasashe suna sassauta wa ruwan magani in an bayyana shi, amma ni ban ga abin wahalar ba, tunda ba za ka zuba ruwa cikin jirgi ba. In kana son tataccen ruwanka na farmasi, ka ɗaure shi da kyau cikin babban akwati.

Kafin ka bar wurin ka tsaya ka ƙidaya: inji, tanki, caja, batir, fasfo. Mutane suna ture juna, kuma a nan ake barin caja cikin tire.

7. Cikin jirgi

Jakar ta shiga ƙarƙashin kujerar da ke gabanka. A ma'ajiyar sama wani zai zo ya danna akwati mai taya a kanta. In ƙaramin jirgi ne aka ce a karɓi jakunkunan hannu a bakin matakala, ka ciro injin da batir ka riƙe kafin ka miƙa.

Shawarata, in tafiyar rana ce ko ba ta wuce awa uku zuwa huɗu ba, kamar Yamai zuwa Lome ko Kasablanka, kada ka wahalar da kanka da kunnawa. Ka yi isasshen barci da injin a daren jajibiri, ka zauna a miƙe, ka sa matashin wuya don kai kada ya faɗa baya. Haka ma wanda bai samu batir ba zai yi. Amma ka guji ƙwayar sa barci, sai in likitanka ne ya ba ka yana sane da ciwon. Tana ƙara sakin maƙogwaro, tana kuma hana mutum farkawa in numfashi ya ɗauke.

Doguwar tafiyar dare ita ce ta cancanci kunnawa. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ɗinta ya ragu, ga mai wannan ciwo kuwa ragi a kan ragi ne. Ga yadda nake yi. Da na zauna sai in gaya wa ma'aikaciyar ɓangarenmu, in nuna mata takarda. In gaya wa maƙwabcina shi ma, "Ɗan'uwa, in an jima zan sa wani abu a fuska, na numfashi ne, kada ka tsorata." Ina jira jirgi ya daidaita a sama, a kashe fitilar ɗamara, a gama rabon abinci. Sannan in ɗora injin inda ba abin da zai toshe masa mashigar iska, ba bargo ba jaka, in jona batir, in kunna Mode avion a jikinsa kamar na waya, in kashe ɗumama ruwa.

Tanki ya zauna a jikin injin, amma babu ko ɗigon ruwa. In jirgi ya shiga gargada, ruwan yana iya bin tiyo ya shiga hancinka kana barci. Littafin injin da kansa ya hana. A AirSense 10 kuma in ka cire tankin gaba ɗaya injin ba zai yi aiki ba sai da wani murfi na gefe, shi ya sa ake barinsa a bushe a wurinsa. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, ka sha ruwa kafin ka kwanta. Ka ɗaura ɗamararka a kan bargo don kada a tashe ka. In aka yi shelar sauka, ka kashe ka mayar jaka. In kuma takunkuman oksijin na jirgi suka faɗo daga sama, Allah ya kiyaye, ka cire naka nan take ka sa nasu.

Sababbin injina suna daidaita kansu da tsawon wuri, AirSense 10 har zuwa wajen mita 2,590. In naka tsoho ne mai saitin hannu, ka sa likita ya nuna maka yadda ake canzawa.

8. Zango da masauki

Ga wani dalilin da ya sa injin ba ya shiga akwati. In ka bi ta Adis Ababa zangonka ya kai tsakanin awa 8 da 24, Ethiopian sukan kai fasinja otal ya kwana, amma akwatinka yana can filin jirgi, an rubuta masa ƙarshen tafiya. Garin kuma yana kan tudu, sama da mita 2,300. Dare ne da kake bukatar injin fiye da kullum.

A masauki, in ba ka samu tataccen ruwa ba, ruwan kwalba na sha ya wadatar na ƴan kwanaki. Zai bar farin gishiri a gindin tanki, binegar da ruwa suna fitar da shi. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ruwan batir na garaji. Wasu suna cewa ai duk tataccen ruwa ne, alhali wani an gauraya shi da asid, kuma ba don huhun mutum aka yi shi ba. In babu ruwan kirki, ka kashe ɗumamawa ka kwana a bushe.

Alhazai su yi lissafin kwanakin Mina da daren Muzdalifa daban. Tantunan Mina soket kaɗan ne a cikinsu, kowa kuma yana son cajin waya, Muzdalifa kuwa fili ne. A nan batir da ralonji suke biyan kuɗinsu. Maganar igiyar takunkumi a ka alhali mutum yana cikin harami, a yi ta da malamin ayari tun a gida, a gaya masa lalura ce ta rashin lafiya.

In ka dawo, ka riƙe takardar likita a kusa har ka wuce duwan, don a ga injin naka ne na amfani, ba hajar sayarwa ba. Wanda ya sayo sabo a can ya ajiye rasit tare da ita. A gida ka wanke tiyo da tanki, ka sauya matata, ka caja batir zuwa wajen rabi kafin ka ajiye shi a inuwa.

Kawu dai batirinsa ya fito 97 Wh da muka yi lissafi, likitansa ya rubuta takardar, ajans ta turo amsa. Adafta mai ƙafa uku ce kawai ba shi da ita, ita kuma na ba direban kar ya kai masa Tawa shekaranjiya, tare da matata biyu.